Tafinta a Makokin Dari

Lahadin da ta wuce ina zaune a bencin baya, ɗaya daga cikinku, ku matasan tafintocinmu, ya tsaya kusa da baƙon mai wa'azi yana juya mana Faransanci zuwa Hausa. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Baƙon ya karanta Zabura ta arba'in da shida, inda ake maganar Allah mai tsayar da yaƙe-yaƙe, mai lalata kayan faɗa, har da kekunan dawakin da mutanen dā suke hawa su shiga fage. Kalmar da Faransanci ke kiran keken nan da ita, da ita kuma ake kiran motar yaƙi mai sarƙa ta sojan yanzu. Namu ya leƙa salula, salula ta ba shi ta soja, ya ɗaga murya ya ce Allah zai ƙone motocin soja da wuta. Wannan a Madawa, bakin babbar hanya, inda ayarin soja ke wucewa a gaban idon kowa, kuma akwai matan da 'ya'yansu ke cikin kaki a zaune cikin ɗakin. Da aka tashi, ɗayarsu ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malam Arzika, mi yaranmu sunka yi ma Allah?" Sai da na zaunar da ita a inuwa na yi mata bayanin keken doki.

Dalilin da ya sa na yarda in rubuta muku wannan ke nan. Kun fi ni karatu, Faransancinku ya fi nawa tsabta, kuma kuna ganin wanda ya iya harshe biyu ya riga ya zama tafinta. Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki tsakanin Madawa, Buza da Keita. Bari in gaya muku yadda yake.

Ban shigo shi da ƙuruciya ba. Na yi aji huɗu a lakkwal, wato makarantar boko, na fita, na yi noma, sannan na tafi bida, wato ci-rani, Abijan kamar kowane ɗan Adar. Shekara bakwai ina sayar da albasa a kasuwa. Can na samo Faransancin ciniki da na zagi, can kuma na shiga addinin Almasihu. Na dawo gida da mata da ɗa, ina ganin babu Baturen da zai yi maganar da za ta wuce ni. A majami'armu a lokacin akwai wani tsoho, Baba Nomau, shi ke fassara. Ya yi wa likitoci tafinta, ya yi wa masu furoje, wato ayyukan raya karkara, na dasa itace da tare ruwa a ƙasar Keita. Ya ji ni ina hira da wani baƙo, ya kira ni ya ce, "Kana da baki. Kunne na ba ka da shi. In kana so, biyo ni."

Shekara biyu ina bin sa ban taɓa mikro ba. Ranar kasuwar Galma mukan tafi a ƙasa, ya rataya rediyo a kafaɗa ya kamo labaru da Faransanci, ni kuma in riƙa juya su jimla bayan jimla muna tafiya. In na tsaya neman kalma, rediyo ba ta jira na, shi ma ba ya jira. Wata rana kuma ya kai ni wurin tsofaffin mata masu sussuka ya ce in zauna in saurara, kada in ce komai. Da muka taso ya tambaye ni da wace kalma tsohuwar can ta kira baƙin cikinta, da wace kalma ta kira gajiyarta. Ban riƙe ko ɗaya ba. Ya ce, "To su na za ka yi ma magana ran Lahadi. Mushen lakkwal, malamin makaranta, yana jin Faransanci, ba ya bukatarka."

Dokokinsa uku ne. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka gyara a ɓoye. In ba ka gane ba, ko ka ga mai magana zai faɗa rami bai sani ba, ka sauke mikro ka tambaye shi. Yakan ce duk ɗakin tafinta kaɗai ke da ikon tsayar da mai wa'azi, amma wanda ya yi ta amfani da ikon nan kowace Lahadi ba zai daɗe a aikin ba.

Aikina na uku ni kaɗai, a Buza ne. Wani mai wa'azi daga gaɓar teku ya hau kan masu ɗaura laya da masu zuwa gidan bori, ya kira su da sunan da ba a kiran babban mutum da shi. A bencin gaba akwai dattijo biyu da suka zo ganin ido, 'yan gidan Arna masu addinin gargajiya, irin gidan da kakana ya fito. Na ji nauyinsu. Na ce, "Malam yana roƙon iyayenmu su sake tunani a kan al'adun dā." Kowa ya ji daɗi, dattijan har da gyaɗa kai. Da muka fito Baba Nomau ya karɓi mikro daga hannuna ya sa a jakarsa. Ya ce, "Wa'azinka ya yi kyau yau. Wa ya naɗa ka?" Na ce ai mutumin ne ya yi kaushi. Ya ce, "Da ka tsai da shi ka gaya mishi su wa ag gabanai. In ya nace, ka hwaɗi abin da yac ce, shi ɗauki kayanai. Yanzu ya tahi gida yana ganin an ji shi, su kuma sun tahi suna ganin sun ji shi, alhali ba wanda ya ji wani." Wata uku ban sake tsayawa gaban jama'a ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafi biyu, na Faransanci da na Hausa, kuma ku sani na Hausar ma sai an juya shi, don Hausar cikinsa ta gabas ce, tsohuwar da ke garin Azarori ba haka take magana ba. Sai kaye, littafin rubutu mai bangon leda, inda nake rubuta kowace kalmar da ta taɓa kayar da ni: ga Faransancinta, ga abin da littafi ya ce, ga abin da mutanen garin ke cewa. Na cika guda tara. Fensir, ba biro ba, don ra'ayinka a kan kalma yana canzawa. Amsa-kuwwa da batir, kuma kai za ka gwada su da hannunka kafin mutane su zo. Ruwa mai ɗumi da ɗan citta saboda maƙogwaro. Kada ka ci goro kafin aiki, yana busar da baki. Ka tsaya a hagun mai magana, rabin taki a bayansa, inda za ka ga leɓensa, shi kuma bai ga fuskarka ba balle ya riƙa neman yabo a cikinta. Mafi girma cikin kayan duka shi ne yammacin Asabar: ka je ka sami mai wa'azi, ka tambaye shi nassin da zai karanta, ka kwana da shi a kai.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai mai zuba magana kamar ruwan Agusta, ya manta kana nan, sai ka taɓa gwiwar hannunsa. Akwai wanda ya koyi Hausa wata shida, ya riƙa gyara ka a gaban mutane, gyaran kuma kuskure. Akwai masu furoje da ke so ka ce wa manoma "mun amince" tun ba su amince ba. Akwai wata likita a Keita da ta sa na gaya wa wani mutum cewa ciwon matarsa ba na warkewa ba ne. Ta faɗa da jimla ɗaya, na faɗa da jimla ɗaya, muka yi shiru mu uku. Wannan ma aikin ne, ka san lokacin da ba a cika wuri da surutu.

Wani yammaci a Azarori, kalma ɗaya ta cinye mana wuni. Faransanci yana da kalma guda wadda Zabura ke yawan amfani da ita a kan Allah, mu kuma muna da biyu: hukunci da shari'a. Baba Nomau ya kai ni wurin wani tsoho da ya daɗe yana zama a fadar maigari yana jin ƙararraki, ya ce ya bambance mana su. Tsohon ya ce, "In kac ce hukunci, magana ta ƙare, bulala ta rage, kuma kowa ya san bayan wa za ta sauka. In kac ce shari'a, ba a fara ba tukuna. Kowa za shi zo shi tsaya, har mai ƙara, kuma mai ƙara na iya hita da kunya." Na rubuta a kaye. Tun daga ranar, duk inda kalmar ta zo, sai na duba abin da ke gabanta da bayanta kafin in zaɓa. Wani wurin hukuncin ne sosai, ba a sassauta shi. Wani wurin kuma talaka ne ke kuka a zo a zauna a duba tsakaninsa da wanda ya fi ƙarfinsa, yana murna za a zauna.

Yanzu muguwar shekara. Baba Nomau ya riga ya rasu. Ruwa ya ɗauke da wuri, ciyawar arewa ba ta yi ba, dabbobi suka gangaro tun ba a sanar da ranar sakin gonaki ba. A wani gari tsakanin Galma da Azarori muna da ƙaramar majami'a, cikinta akwai wani manomi, Dari, shi kaɗai ne Kirista a gidan ubansa. Da hantsi ya je gona ya tarar da shanu cikin wakensa. Suka yi cacar baki da saurayin da ke kiwon su, saurayin ya sauke masa sanda a ka ya gudu. Aka ɗora Dari a amalanke za a kai shi likita Madawa, ya cika a hanya. Ya bar matarsa Saratu da 'ya'ya huɗu.

Rugar da saurayin ya fito tana hayin ƙorama, ba ta kai tafiyar awa ɗaya ba. Mazan sun bi shanu, saura mata da tsofaffi da ƙanana. Wan Dari, Tanko, Musulmi ne, mutum mai magana ɗaya, samarin garin suna jin maganarsa. Shi ya ce a bar mu mu binne ƙanensa yadda addininsa ya ce, kuma shi ya ce washegari a yi addu'a a ƙofar gidan, kowa ya zo.

Faston da ke kula da mu a lokacin sunansa Emanuwel, mutumin gaɓar teku, bai wuce shekara talatin da biyu ba, Hausarsa ta gaisuwa ce kawai. Dari ne ya koya masa tuƙa moto, wato babur, cikin rairayi, ya yanka masa ƙaramin fili a fadama ya shuka albasa. Faston ne ya riƙe kan gawar har kabari. Na je da yamma in tambaye shi nassi, ya ce bai zaɓa ba tukuna, in bar shi.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwan bedi. Mu Kiristoci ba mu fi cikin tabarma biyar ba, sauran duk mutanen gari ne, ga maigari, ga liman, ga jandarma biyu can nesa kusa da motarsu. Na zaga bayan zana in ɗaura wayar amsa-kuwwa a batir, sai na ga abin da aka jibge a wurin an rufe da buhuna: bakunkuna da kwari, takubba, adduna, da galan na man fetur. Samari uku suna zaune a kai. Suka dube ni, na dube su, na ɗaura wayata na dawo. Fasto ya riga ya miƙe da littafi a hannu, ban sami sararin gaya masa ba.

Ya buɗe Zabura ta arba'in da shida. Ya karanta aya aya, ina juyawa: Allah mafaka, ƙasa na girgiza, al'ummai na hargitsi, har muka zo wurin tsayar da yaƙi da karya baka da mashi. Sai ya rufe littafin ya fara magana daga cikinsa. Ya ce, da Faransanci, "Allah zai karya bakansu. Zai kakkarya masunsu. Hukuncinsa na bisa kansu, kuma ba zai daɗe ba."

Ku da kuke ganin aikin da sauƙi, ku tsaya a wurina. A Hausa in na ce "bakansu" a ƙofar gidan nan, babu wanda zai tuna da Filistiyawa. Mutanen hayin ƙorama za a ji. In na ce hukuncin Allah na bisa kansu kuma ba zai daɗe ba, akwai masu jira bayan zana su zama hannun da zai sauke shi. In kuma na sauya maganar a ɓoye, na koma abin da na yi a Buza, kuma akwai mushen lakkwal biyu a zaune da ke jin Faransanci, kafin azahar gari ya san tafintan Kirista maƙaryaci ne.

Na sauke mikro. Na matsa kusa na ce masa a hankali, "Fasto, ban gane ba. Bakan su wa? A littafin ban ga an faɗi mai shi ba."

Ya ce, "Ka fassara abin da na faɗa."

Na ce, "Zan fassara. Duk abin da ka ce in faɗa zan faɗa, ba zan taɓa shi ba. Amma ka sani bayan zanar can akwai baka da takobi da man fetur, da masu jiran a tashi. In faɗi naka ko in faɗi na littafin? Kai za ka zaɓa."

Ya juya ya dubi zanar. Jama'a suka fara motsi, don ba a saba ganin mai wa'azi da tafinta suna raɗa ba. Maigari ya yi gyaran murya. Fasto ya sake buɗe littafin, ya bi ayar da yatsa har ƙarshe, ya koma farko ya sake bi. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Na yi kuskure a abin da na faɗa yanzu, shi ya sa tafinta ya tsayar da ni. An rubuta baka. Ba a ce na wa ba." Na ɗaga mikro na faɗi wannan duka, har da kuskuren, har da ambatona a ciki.

Tanko ya miƙe daga tabarmar maza. Bai dubi Fasto ba, ni ya duba. Ya ce, "Malam, tambaye shi. Bakan wa?"

Na juya. Fasto ya ce, "Na duk wanda ya ɗauka." Na faɗa.

"Har nawa?"

"Har naka. Har nawa ni ma, don tun jiya ina ɗauke da shi a cikina." Na faɗi wannan ma yadda ya zo.

Tanko ya ce, "To ƙanena hwa? Jininai ya tahi banza ke nan?"

Fasto ya amsa da kalmar nan mai fuska biyu. Ya ce Allah ne zai yi ta, kuma ba ya mantuwa. Ba ni da lokacin buɗe kaye. Na duba abin da ke gabanta da bayanta: mutum ne ke tambaya ko za a saurari ƙararsa. Na ce, "Allah za shi zauna shari'a bisa jinin Dari, kuma ba ya mantuwa." Fasto ya ci gaba ya karanta ayar da ke biye, inda Allah da kansa ke ba da umarni a tsaya a san shi ne Allah. Shekara da shekaru ina faɗin ayar nan a bakin gadon marasa lafiya, ina cewa "ku natsu, ku kwantar da hankalinku." Ranar na ga ashe cikin fagen yaƙi aka yi maganar, kuma da masu makami ake. Na ce, "Ku dakata. Ku sauke hannu."

Liman tsoho ne, ba ya yawan magana a taron da ba nasa ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Zabura ta Annabi Dawuda ta, mu ma mun san da ita. Kuma Tanko, ka sani ba a kama wani da laihin wani. Matan da ke ruga ba su bugi kowa ba." Tanko ya tsaya kamar zai ƙara magana. Uwarsu tana zaune cikin mata a bakin ƙofa, ta kira sunansa sau ɗaya. Ya sa takalmansa ya shiga gida.

Ba a tafi ruga ranar ba. Kafin la'asar maigari ya sa an kwashe abin da ke bayan zana an kai zaurensa. Kada ku ɗauka komai ya tafi daidai. Bayan kwana biyu samari huɗu suka haura ƙorama da kansu, suka tarar mutanen sun tashi, suka ƙone bukkokin, suka yanke maruƙa biyu da aka bari. Jandarma suka kama su. Bayan mako guda Arɗo, shugaban makiyayan, da kansa ya kawo saurayin da ya yi kisan ya miƙa shi. Ba a sake rasa rai ba a shekarar, a garin nan dai.

Ni kuwa abin da na samu shi ne aka ajiye ni. Dattawan majami'a suka zauna suka ce tafinta ba shi da hurumin katse wa'azi a gaban waɗanda ba na ciki ba, na kunyata bawan Allah. Fasto bai kare ni ba, kuma wata da watanni in mun haɗu gaisuwa kawai muke yi. Wasu cikin dangin Dari suka ce na sha nonon ruga. Masu furoje sun daina fitowa daji saboda tsoro, wannan ƙofar ma ta rufe. Daga kaka har faɗuwar ruwa ina fadama ina ban ruwan albasar wani, ina da shekara hamsin. Wani mushen koleji ya riƙa fassara a madadina. Ranar wata Juma'a na ji moto ta tsaya a bakin rijiya, Fasto ne. Bai sauka ba. Ya ce, "Gobe da yamma ka zo mu duba nassi." Na ce to. Muka ƙara shekara shida tare, ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Duk wanda na ba labarin nan yakan yi mini tambaya guda, na san ku ma za ku yi: da Fasto ya nace ya ce in faɗi nasa, me zan yi? Da na faɗa. Da na ce "bakansu," da muryar da ya faɗa, sannan in ajiye mikro in tafi wurin maigari a matsayin Arzika, ba tafinta ba, in gaya masa abin da na gani bayan zana. Ban san ko da hakan ya isa ba. Amma ranar da mutane suka gane kana tace musu magana, ko don alherinsu ne, ba za su sake yarda da bakinka ba, har ranar da gaskiyar da za ka faɗa ita ce za ta cece su.

Aikin ƙarshe da ya shafi wannan magana ba a gaban taro na yi shi ba. Bayan an yanke wa saurayin ɗauri a Tawa, Saratu matar Dari ta zo gidana ranar kasuwar Madawa da hantsi. Ta zo da littafin mijinta a naɗe cikin kallabi, ita ba ta karatu. Matata ta ba ta ruwa, ta zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Malam, an ce an yi hukunci Tawa. Shi na wanda kuka ce Allah za shi zauna?"

Na ce, "A'a, wancan na alƙali na."

Ta miƙo littafin. "To biɗo min inda anka yi maganar na Allah, in ji da kunnena."

Na buɗe mata Zabura ta saba'in da shida, don ita ta fi fito da maganar a fili. Na karanta yadda take a rubuce, sannan na juya mata da Hausarmu: an lalata kibau da garkuwa da takobi, jarumawa sun kasa ɗaga hannu, daga sama aka yi shela, ƙasa ta tsorata ta yi tsit, Allah ya miƙe don shari'a, domin ya ceci wasu mutane. Ta tsayar da ni ta ce waɗanne mutane. Na gaya mata gaskiya cewa kalmar tana da nauyi, littattafan ma ba su zaɓi abu ɗaya ba: ana iya cewa matalauta, ana iya cewa masu sauƙin kai, ana iya cewa waɗanda aka danne. Kuma an ce na duniya duka.

"Ni ina ciki?"

"Kina ciki."

Ta murza bakin kallabin. Sannan ta ce, "Uwar yaron ga hwa? An ce shi ɗai gare ta. An ce shanun duka an sai da wajen shari'a, tana Tawa bakin gidan kaso tana wanke-wanke a ba ta abinci."

Na sake duba ayar, na duba ta Faransanci, na dawo. Na ce, "An rubuta duka. Ban ga inda anka hidda kowa ba."

Ana jin masu amalanke suna wucewa kasuwa. Can ta ce, "Wanga bai yi min daɗi ba, Malam."

Na ce, "Ba ni iya canza shi, Saratu."

Ta ce, "Ban ce ka canza ba. Maimaita min, sannu-sannu."

Na koma farkon ayar na maimaita mata.